Ɗana, Ka Auna Kafin Ka Sayi Rim

Ɗana, na ji ka sauke motarka ƙasa, yanzu kuma hankalinka ya koma kan sababbin rim da tayoyi. Ban ga laifinka ba. Mota mai tsabta da ta zauna daram a kan ƙafafunta abin sha'awa ce, kuma da guminka ka saye ta. Wanda ya sha wahalar nema ai ya dace ya ji daɗin abinsa. Ni dai burina kuɗin nan su fita sau ɗaya, kada su fita sau biyu. Saboda haka ka ba ni aron kunnenka, mu bi maganar a tsanake.

Motarka Honda Accord ce ƙirar 2005, wadda ake ce wa EOD. Je ka tsuguna ka duba gefen tayar da ta zo da ita. Za ka ga an rubuta 205/60 R16. Samari da yawa lambar ƙarshe kawai suke karantawa, su ce "sha shida ce, ni sha takwas nake so." Alhali lambobin nan uku tare suke tafiya. 205 faɗin tayar ne da milimita. 60 kuwa tsayin gefen roba ne, wato kashi 60 cikin 100 na wancan faɗin, milimita 123 ke nan. 16 girman rim ne da inci. In ka haɗa rim da robar sama da ta ƙasa, tsayin ƙafar gaba ɗaya ya kama milimita 652. Riƙe wannan lamba da kyau. A kanta aka saita mitar gudu, a kanta aka yi lissafin giya da birki, a kanta aka yanka ramin da taya ke juyawa a ciki.

Ka ga ke nan, in rim ya ƙaru, dole roba ta ragu, don ƙafar ta tsaya kusa da 652 ɗin nan. Masu sanin aikin ba sa son bambancin ya wuce kashi 3 cikin 100, sama ko ƙasa. A motar da aka sauke kuwa, gara ma ya gaza haka sosai. Bari in yi maka lissafin, don na san ba ka raina lissafi. Taya 215/50 R17 tana ba da milimita 647. Honda da kanta ta sa wannan girma a wasu motocin irin taka masu injin V6. Taya 225/45 R18 tana ba da 660, ta ɗan fi ta asali tsayi. Ita kuwa 225/40 R18, wadda na san abokanka za su nuna maka, 637 ce. Ta gaza da milimita 15. Mitarka za ta riƙa nuna gudun da ya ɗan fi wanda kake yi, wannan da sauƙi. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne, rabin wannan ragin daga tsakanin cikin motarka da ƙasa zai fita. Ka riga ka sauke ta da sifirin, ga shi taya ta ƙara sauke ta da wajen milimita 7. A ido ba komai ba ne. Kwanon baƙin mai da salansa su za su sani, ranar da ka hau tudun rage gudu da mutum huɗu a ciki.

Yanzu zo mu tsaya a kan robar gefe, don nan ne zuciyar maganar. Robar nan ita ce gammon motarka. Ita ke shiga tsakanin kaya da kai. A tayarka ta asali milimita 123 ce. A 215/50 ta koma 107 da rabi. A 225/45 ta koma 101. A 225/40 ta koma 90. In ka haura zuwa rim 19 da 225/35, abin da ya rage bai cika 80 ba. Duk milimitar da ta tafi, akwai wanda zai ɗauki dukan da take sha. Rim zai sha, boris zai sha, shokozoba da bushin za su sha, bayanka ma zai sha.

Hotunan da kake gani a waya, na motocin Japan da Jamus da Amurka masu siririyar roba kamar an zana da alƙalami, ka tuna irin titin da aka ɗauke su a kai. Kai kuma ka san inda za ka bi. Ka san yadda damina ke barin kwalta. Ka san ramin da ruwa ke rufewa, ba ka ganinsa sai ka faɗa. Ka san burjin da ke kai mutum gida ranar Sallah. Idan siririyar taya ta daki bakin rami, robar kan matse tsakanin rim da kwalta, zaren ciki ya tsinke. Washegari sai ka ga ƙullutu ya fito a gefe. Wannan ƙullutu ba ya faci, ɗana. Duk mai facin da ke tsoron Allah zai ce maka a cire ta, don tana iya fashewa a kan gudu. Wani lokacin ma rim ɗin ne zai lanƙwashe ko ya tsage ta ciki, iska ta riƙa zurarewa a hankali, kullum da safe kana layin mai faci ba ka san dalili ba. Hausawa suka ce garin gyaran gira kada a rasa ido.

Shi ya sa in ni ne, a 17 zan tsaya. Motar za ta yi kyau, ramin ƙafa zai cika, kuma kana da sauran roba da za ta kare ka. In ranka ya kafe a 18, to ka ɗauki 45 ka bar 40, amma ka san ta fi ta asali tsayi, sai ka tabbatar akwai wurin da za ta shiga. 19 kuwa ka bar wa masu motar zuwa biki kawai. Akwai kuma maganar aljihu, wadda ba a jin kunyar faɗa tsakanin ɗa da uba. Kafin ka zaɓi girma, tambayi kuɗin tayar guda ɗaya, ka tambaya ko ana samunta a garin da kake. Wata rana za ta fashe maka a hanya nesa da birni. Girman da ba a samu sai an aika Legas, wahala ce ka saya wa kanka.

To, mu koma kan faɗi da zaman rim. A nan ne motar da aka sauke ta bambanta da wadda ba a taɓa ba. Da can akwai sarari tsakanin saman taya da bakin fenda, wato leɓen bodin da ke lulluɓe ƙafa. Ko da taya ta ɗan leƙo waje, ba sa haɗuwa. Yanzu ka cinye wannan sarari. Fenda ta sauko kusa da kafaɗar taya. Abin da mota mai tsayi za ta yafe, taka ba za ta yafe ba.

Juya rim ka duba bayansa. Za ka ga rubutu irin 6.5J da ET55, kuma kusan haka na motarka yake. Na farko faɗin rim ne da inci. Na biyu yana gaya maka inda fuskar da ke manne da mota ta zauna daga tsakiyar rim, da milimita. In lambar ET ta yi ƙasa, rim ya fito waje. In ta yi sama, ya shige ciki wajen shokozoba. Lissafin ba shi da wuya. A ce ka ga rim mai faɗin inci 8, ET35, ya burge ka. Ya fi naka faɗi da inci ɗaya da rabi, milimita 38 ke nan, rabi ciki rabi waje, 19 kowane gefe. ET kuma ya sauka da 20, ya tura komai waje. Sai bakin rim na waje ya fito da milimita 39. Kusan faɗin yatsu biyu. Ɗauki ma'auni ka je jikin motarka, ka auna daga gefen tayar yanzu zuwa cikin leɓen fenda. Kana da yatsu biyun nan? In babu, to duk tudun da ka hau, ƙarfe zai yanki roba. Za ka ji wata ƙara kamar ana yage tsumma. Fenti zai tsage a bakin fenda, tsatsa ta samu ƙofa, gefen sabuwar tayarka kuma ya riƙa zubar da gari.

Gwada kuma rim mai faɗin inci 7, ET48. Bakin waje zai fito da milimita 13 kacal, na ciki kusan bai motsa ba. Mai inci 7 da rabi, ET45, zai fito da 23, ya shiga ciki da 3. A tsakanin nan nake so ka nema. Ƙafar za ta ɗan fito ta cika ido, ba tare da ta yi faɗa da bodi ba. Kuma rim da ya fito waje da yawa, ko bai goga ba, yana sauya yadda nauyi ke sauka a kan boris, sitiyari ya riƙa fizgar hannunka duk lokacin da ka taka gargada.

Za a ce maka ai akwai dabara, a ɗora siririyar taya a kan faffaɗan rim, a ja ta har gefenta ya kwanta, sai ta shige ƙarƙashin fenda. Na ga masu yi, kuma na san yana ɗaukar ido. Amma kowace taya tana da faɗin rim da masu ƙera ta suka yarda da shi. 215/50 R17 daga inci 6 zuwa 7 da rabi take. 225/45 R18 daga 7 zuwa 8 da rabi. In ka ja ta fiye da haka, bakinta bai kama rim yadda ya kamata ba. Iska ta ɗan ragu, ka sha kwana da ƙarfi, sai ta zame. Ba na son in ji wannan labarin a kanka.

Sai ramukan noti. Taka biyar ne, a kan da'ira mai faɗin milimita 114.3. Rim ɗin Marsandi ma rami biyar gare shi, amma da'irarsa 112 ce. A ido ɗaya suke. Wani yaron shago zai iya turawa ya ɗaure da ƙarfi, ya ce ga shi ya zauna. Kama da wane ba ta wane. Kowane ƙarfen noti zai zauna a karkace, yana lanƙwasa kaɗan-kaɗan duk juyin da ƙafa ta yi, har ranar da zai gaji ya karye. Ramin tsakiya ma ka duba shi. Na Honda milimita 64.1 ne. Na Camry 60.1 ne, shi ya sa rim ɗinta, duk da ramukan notinsu ɗaya, ba ya shiga ya kwanta a jikin Accord. Kada ka yarda a ɗauki guduma ko a goge shi da hannu. Rim na kasuwa kuma galibi raminsu ya fi faɗi, da yawa 73.1 ne, don su shiga motoci iri-iri. Akwai ɗan zobe da ake sakawa ya cike tsakanin 73.1 da 64.1. Kuɗinsa kaɗan ne. Rashinsa ne yakan sa sitiyari rawa in ka kama babbar hanya, ka yi ta biyan kuɗin balansin a banza.

Noti ɗin kansa fa? Nan ma mutane na tuntuɓe. Gindin notin Honda na asali zagayayye ne, ramin rim ɗinta ma haka. Yawancin rim na kasuwa raminsu mai gangare ne, yana son noti mai tsinin gindi. In ka ɗaure sabon rim da tsohon noti, bakin-bakin kawai suke taɓa juna. Yau ya ɗauru, jibi ya saki. Ka sayi notin da ya dace da rim ɗin tun a wurin. Ka ƙirga juyin da yake yi kafin ya kama, kada ya gaza takwas. In an ce a sa maka faranti a bayan rim don ya ƙara fitowa, ka san kaurin farantin nan daga wannan juyi takwas ɗin zai ci. Sannan a ɗaure da sifana mai auna ƙarfi, a kan 108 Nm da Honda ta ƙayyade. Hawa kan sifana da ƙafa ana tsalle ba ƙarfi yake ƙara wa noti ba, miƙar da ƙarfen yake yi.

Idan ka shiga kasuwa, Ƙofar Ruwa ce a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da bakaniken da ka yarda da shi, ka tafi da takardar da ka rubuta lambobinka. Matambayi ba ya ɓata. Masu shagunan nan da yawansu mutanen kirki ne, in suka ga ka san abin da kake nema za su fito maka da na gaskiya. Kada fenti ya ɗauke maka hankali. Kifa kowane rim ka duba cikinsa. Nemi alamar walda, nemi tsaga a gindin ƙafafunsa, shafa bakinsa da hannu ka ji ko an taɓa bugawa an miƙar. Ka sa a ɗora shi a injin balansin a juya, ka tsaya kana kallo. Mai lanƙwasa ba ya ɓuya a nan. Ɗaga shi kuma ka ji nauyinsa. Rim mai nauyi yana sa mota jan ƙafa wajen tashi, yana ƙara shan mai, yana gajiyar da shokozoba. Sau da yawa rim na asali da aka ciro daga wata Honda ya fi sabon kwaikwayo mai walƙiya ƙarko. Araha ba ta ado.

Tayar ma akwai sauran karatu a jikinta. Bayan lambar girma za ka ga wata kamar 91V. 91 na nufin tayar na ɗaukar kilo 615. V na nufin an gwada ta har gudun kilomita 240 a sa'a. Ba gudun ne ya dame ni ba, nauyin ne. Siraran tayoyi da yawa lambarsu 88 ce, kilo 560. Ka duba lambar da ke takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, kada ka sauka ƙasa da ita. In girman da ka zaɓa ya gaza, nemi mai alamar XL, an ƙarfafa ta don kaya. Mu ba ma tafiya mu kaɗai, kai ma ka sani. Ranar da za a je gaisuwa ko ɗaurin aure, kujera ba ta ragowa, but kuma ga buhu.

Sannan ka nemi inda aka rubuta DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Kamfanin Michelin yana ba da shawarar in taya ta shekara 5 a bakin aiki a riƙa kai ta dubawa kowace shekara, in ta kai 10 daga ranar ƙira a cire ta ko da zanenta da saura. Wannan a ko'ina ke nan, balle a zafin ƙasarmu da kwalta ke ƙona tafin ƙafa a watan Afrilu. Na san 'yar Beljiyam, wato tayar da aka riga aka yi amfani da ita, na da sauƙin kuɗi, kuma ban raina mai saye ba, kowa da ƙarfinsa. Amma in kuɗinka ba za su kai rim 18 da sababbin tayoyi ba, ɗauki 17 da sababbi. In ba za su kai haka ba ma, zauna a kan 16 ɗinka da taya mai kyau har Allah Ya hore. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abin da ya kamata ya riga sayayya, kuma da shi ya dace in fara. Bar motar ta zauna tukuna. Sabon sifirin yakan ƙara ɗan kwantawa bayan an yi yawo da shi. In ka auna yau ka saya gobe, awon na iya canzawa. Ina fata dai sifirin da aka ƙera don saukewa ka sa, ba na asali aka yanke ko aka gasa da wuta ba. In yanka aka yi, ajiye maganar rim, fara gyara wannan. Bayan ta zauna, kai ta alaimen. Mota irin taka in aka sauke ta, saman ƙafafun kan karkata ciki, musamman na baya, kuma saitin inda tayoyin ke fuskanta yakan goce. Wannan gocewar ita ta fi cin taya. Daga waje za ka ga zane cif, in ka zura hannu ta ciki sai ka tarar ya shafe har waya ta fito. Karkatar kuwa, a wannan ƙirar ba ta da wurin saiti daga kamfani, sai an sayo hannu mai saiti an sa. Ka tanadi kuɗinsa a cikin lissafinka. Rigakafi ya fi magani.

Ranar saye, roƙi mai shago a gwada ƙafa ɗaya gaba, ɗaya baya, kafin ka biya. Tun rim na tsirara a ɗora shi a juya da hannu, a ga ko ƙafafunsa na taɓa kan birki. In an sa taya an sauke jak, murɗa sitiyari har ƙarshe dama, har ƙarshe hagu, ka leƙa da tocila. Goga alli a cikin leɓen fenda. Kira mutum uku su zauna a baya, ku je ku hau tudu a hankali, ku sha kwana, ku dawo. In ka ga farin alli a jikin taya, amsa ta fito. Kada kunya ta sa ka karɓa. Wani zai ce a naɗe leɓen fenda ciki, kuma ana yi, in gogar kaɗan ce kuma mai aikin ya iya, ya ɗumama fentin don kada ya fashe. Amma gara rim ya bi mota da a sa mota ta bi rim.

In komai ya zauna, sayi ɗan gejin iska naka na kanka, ka ajiye a mota. Siririyar taya ba ta nuna yunwa a ido. Iska za ta ragu sosai, kai kana ganinta tsaye, sai rami ya same ta a haka. Auna da safe kafin ka fita, tun roba na da sanyi. Fara da lambar da ke takardar ƙofa. Babbar lambar da ke gefen taya iyaka ce, ba ita ake durawa ba, ko da mai faci ya ce haka ake yi. Bayan ka yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100, koma a sake bin notin duka da sifana, don sabon rim yakan ɗan saki bayan ya zauna. Tudun rage gudu kuma ka riƙa hawansa a karkace, ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ko na bayanka na matsa maka oda.

Tsofaffin rim ɗinka guda huɗu kada ka yi saurin sayarwa. Wanke su, ka jingine a inuwa inda rana ba ta dukan robar. In damina ta yi nisa hanya ta lalace, ko tafiyar ƙauye ta taso, sai ka mayar da su na ɗan lokaci. Notinsu na asali ma ka ɗaure a leda ka sa a but kusa da safaya, domin ita safayar rim ɗin Honda ne, da notin Honda za ta ɗauru.